Lacca: Abin da Jinin Zomo Ke Faɗa Game da Asalinsa

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, zomon da kuke kiwo a keji ba jikan zomon dajinmu ba ne. Tushensa Sifaniya da Fotugal. Can ma zomayen daji kashi biyu ne, na kudu maso yamma da na arewa maso gabas, sun rabu tun kimanin shekara miliyan 2. Na arewa maso gabas ne suka bazu har kudancin Faransa, a cikinsu aka kamo waɗanda aka fara kiwo.

To, da me aka gane? Daga cikin shaidun akwai inzayim, wato furotin ɗin da ke tafiyar da ayyukan jiki, irin su narkar da abinci da karya guba. Tun 1966 masana suka soma auna bambancinsa a jikin mutane da ƙudaje: a ɗiga samfuri a kan wani abu mai danƙo, a sa masa lantarki, kowane nau'i ya yi tafiya da irin saurinsa. Da aka gwada zomaye, na dajin Sifaniya da Fotugal suka fi yawan nau'o'i, na Faransa suka biyo, na gida suka zo ƙarshe. Dalili kuwa, duk sanda aka ɗebi 'yan kaɗan aka kafa sabon garke, an bar wani gado a baya.

Amma kada wani ya ce zomayen gida duk ɗaya ne. Ku ɗauki atirofin, gubar da ke cikin zaƙami, wadda likitoci kuma ke amfani da ita idan bugun zuciya ya yi ƙasa. Wasu zomaye na da inzayim a jini da ke lalata ta nan da nan, wasu ba su da shi, ko da 'yan ɗaki ɗaya ne. Wasu masana biyu, Sawin da Glick, sun nuna a 1943 cewa gadonsa ake yi. Ido ba ya gani, malam! Shi ya sa likitocin dabbobi da yawa ke barin atirofin idan za su yi wa zomo tiyata, su koma ga glycopyrrolate, wani magani mai irin aikinsa.

Wanda ido ke gani shi ne na launi. Farin zomon nan mai jan ido, New Zealand White, inzayim ɗin da ke haɗa baƙi ne ba ya aiki a jikinsa. A jikin wani irin farin zomo da ake kira Californian kuwa yana aiki, amma sai inda fata ta yi sanyi, shi ya sa kunne, hanci, ƙafa da wutsiya kaɗai ke yin duhu.