Kashi 65 na Milgram: Gaba Kura, Baya Siyaki

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya ku ɗan matso, lasifikar nan ba ta da ƙarfi.

A 1961, ana tsaka da shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi na Jamus da ya ce umarni kawai ya bi wajen kisan Yahudawa, a birnin Ƙudus, Stanley Milgram na Jami'ar Yale a Amurka ya sa talla a jarida yana neman maza, ladan kowa dala 4 da kuɗin mota. Aka ce musu binciken koyo da hadda ne, alhali biyayya ga umarni ake aunawa. Za a zaunar da mutum gaban akwati mai makunnai 30, masu ƙarfin lantarki daga bolt 15 har 450, ɗalibi yana ɗaure a ɗakin kusa. In ya kuskure amsa, a danna masa lantarki. Lantarkin ƙarya ne, ɗalibin ma da bakinsa aka shirya. Cikin mutum 40, 26 suka kai makunnin ƙarshe. Kashi 65 ɗin da ake ta yayatawa ke nan.

Masaniyar halayyar ɗan'adam Diana Baumrind ta fito a 1964 ta ce an zalunci mutanen nan. Milgram da kansa ya rubuta cewa suna gumi, suna karkarwa, suna cizon leɓe. Mutum ya ce zai tashi, mai bincike ya ce masa ba shi da zaɓi. Ina 'yancin janyewa a nan?

A 1968 wasu masanan, Martin Orne da Charles Holland, suka ɓullo ta wata ƙofar: wa ya tabbatar mutanen sun yarda lantarkin gaske ne? Kana jin ɗalibi yana buga bango, ka waiga ka ga mai binciken ko a jikinsa, ai dole ka yi zargin akwai lauje cikin naɗi.

To ku haɗa biyun. Idan sun yarda, an azabtar da su. Idan ba su yarda ba, ba biyayya aka auna ba. Ni dai ban ga mafita mai sauƙi ba.

Gina Perry 'yar Ostireliya ta je Yale ta saurari kaset-kaset ɗin gwajin. Jumla huɗu kacal aka tsara mai binciken zai faɗa don a ci gaba da dannawa, amma ta ji shi yana ta matsa wa mutane fiye da haka. Da yawansu ma sun koma gida ba a gaya musu lantarkin ƙarya ne ba, sai bayan watanni.

Da wani masani, Jerry Burger, ya maimaita gwajin, ya buga sakamakonsa a 2009, a bolt 150 ya tsaya. Kuma duk wanda aka kai ga ce masa “ba ka da zaɓi”, ƙi ya yi.