Tuwon gayya ba shi ne ladan aiki ba

Daga rikodin ɗin laccar da aka yi wa manoma da matasa a wani ƙauye na ƙasar Ringim, jihar Jigawa.

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamai, ƴan uwa matasa, da iyayenmu mata da ke jiyo mu ta bayan katanga, sannunku da zama.

Maganarmu yau akan zaman cuɗe ni in cuɗe ka ce, kuma ba baƙon abu bane a wajenmu tunda Allah ya faɗa a Suratur Rahman aya ta 60 cewa sakamakon kyautatawa ba komai bane sai kyautatawa.

Toh ku dubi gayya. Ciyawa ta fi ƙarfin mutum, ya kira gayya, samari su fito da fartanya tun da sassafe a jera kunya kunya makaɗi yana zuga su, kafin azahar an gama da gonar geron nan, an kawo fura da tuwo miyar kuka an baje a gindin tsamiya an ci an sha. Ina tambaya, tuwon nan shine ladan aikin? Wallahi a'a. Ladan yana gaba, ranar da taka gonar ta rikice zaka ga wanda ka yi wa gayyar da fartanya a kafaɗa ba sai ka roƙa ba, in kuwa ya noƙe sau ɗaya sau biyu toh ya gama kiran gayya a garin nan. Mata ma haka suke da biki, abin da wance ta kawo ranar suna ba a mantawa, ranar nata sai an mayar har da ƙari.

Ko mu da Fulani ai haka muke a da. In an cire amfani manomi ne ke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya haɗa masa da damin gero. Yanzu takin zamani ya shigo, kara ya zama kuɗi, an nome burtali, kowa yana ganin baya buƙatar ɗan uwansa, sai aka koma sara da kotu. Ba na wanke kowa fa, abin yana min ciwo ne.

Sai siyasa, inda zuciyata ta fi ƙuna. Dattawan nan sun ga 1979, lokacin muna cikin jihar Kano don sai 1991 aka yanke Jigawa. Talakawa suka ba jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ƙuri'a, Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke haraji da jangali, kuɗin da ake kama magidanci a wulaƙanta shi akansu. Kun ga an ba da, an kuma rama. Yau fa? Ana gobe zaɓe a shigo da taliya da sabulu da atamfa, ko a danƙa maka ƴan kuɗi a layi, ka karɓa ka dangwala. Shi ɗan takara a lissafinsa ya biya ka, ciniki ya ƙare, ka cinye tuwon ka yafe ladan, shekara 4 in ka je neman magani a asibitin garinku ko gyaran hanyar da ruwa ya cinye kallon mai roƙo zai maka.

Na san akwai yunwa, ba zan zagi uwar da ta karɓi taliya don ƴaƴanta ba. Amma in ɗan takara ya zo ku zaunar da shi a ƙofar mai unguwa gaban dattawa, ku faɗi abu biyu ko uku da garin ke so, a rubuta ya sa hannu, bayan shekara ku ɗauki takardar ku je ku same shi, ku fara da kansila ma tunda shi kun san gidansu.

Kuma ku ma akwai naku rabon. Famfon tuƙa-tuƙan da aka gina mana ya lalace, kowa ya naɗe hannu ana jiran gwamnati, yara suna tafiya ɗibar ruwa a kududdufi. Bayan sallar Juma'a samari ku tsaya, a zaɓi mutum uku su zaga gida gida a haɗa kuɗin mai gyara.