Amsoshin Tambayoyinku: Gajiyar mai ciwon MS ba son jiki ba ce

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Kaduna. Yau saƙo biyu ne suka zo a kan abu ɗaya, wato gajiyar masu ciwon MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka), sai na ce bari mu haɗa su kawai.

Na farko daga wata baiwar Allah a Rigasa, ta ce a sakaya sunanta. Shekara biyu kenan da aka yi mata hoton MRI likita ya ce ciwon MS gare ta, yanzu ko barcin awa tara ta yi sai ta tashi kamar an yi mata duka, kafin azahar ko tsintsiya ba ta iya ɗauka, surukarta kuma na cewa son jiki ne tunda ga ta nan da ƙibarta ba ta rame ba. Tana tambaya wai ciwon ne ko ita ce ta sangarce?

To 'yar uwa, sannu, Allah ya ƙara afuwa. Ciwon ne wallahi. Kuma don Allah masu sauraro kar ku haɗa shi da sikila, hanyar jirgi daban ta mota daban. MS sojojin jikin mutum ne da kansu suke juyowa suna cin wata riga da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, ana ce mata mayalin. Kun san wayar wuta idan ɓera ya ci robar jikinta? Wutar na zuwa amma da ƙyar, tana tartsatsi a hanya. Haka saƙo yake yi daga kai zuwa ƙafa, aikin da mai lafiya zai yi ko a jikinsa ke sai ƙwaƙwalwarki ta yi ta fama kafin ya yiwu, shi ya sa batir ke ƙarewa tun rana ba ta raba ba. Tun 1868 wani likitan Faransa, Charcot, ya yi bayanin ciwon, ƙididdigar 2020 kuma ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke da shi a duniya, mata sun ninka maza, yawanci yana farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, dai dai lokacin da ake ganin mace ta kai ƙarfin hidimar gida. Kusan takwas cikin goma na masu shi suna kukan wannan gajiya, kin ga ba ke kaɗai ba ce.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, ni ban ga laifinta sosai ba, abin da ido bai gani ba wuyar yarda gare shi. Kar ki tsaya musu da ita. Ranar asibiti ki lallaɓa maigida ya tafi da ita ta ji daga bakin likita, nan zancen zai mutu. Sannan ki riƙa tattalin ƙarfinki kamar mai cajin waya kashi talatin kuma babu wuta: girki da wanki da sassafe, yankan albasa da tsintar shinkafa a zaune, ki huta KAFIN ki gaji ba sai kin zube ba. Amma kar ki kwanta gaba ɗaya fa, ɗan tattaki da motsa jiki daidai ƙarfi yana rage gajiyar, kwanciya ƙara ta take yi.

Na biyu Malam ne daga Kawo, ƙanwarsa malamar makaranta ce mai ciwon MS, ya ce da an shiga Maris da Afrilu sai ta koma kamar ba ita ba, har gani yake mata dishi dishi, ko ya sayo mata maganin ƙarin jini a kemis?

Malam Allah ya saka da zumunci, amma riƙe kuɗinka tukuna. Zafi ne. Jijiyar da rigarta ta lalace ba ta shiri da zafi, jiki na ɗumama kaɗan sai saƙo ya ƙara jinkiri, wani likitan ido Bajamushe Uhthoff ya lura da haka tun 1890. Ba wai ciwon ya ci gaba ba ne, da ta sha iska take dawowa. Ruwan randa, wanka da ruwan sanyi, jiƙaƙƙen tawul a wuya, fanka mai caji, kuma ta roƙi hedimasta ya mayar mata da darasinta na safe. Idan abin ya wuce kwana guda bai lafa ba duk da sanyin, wannan kam sai asibiti.

Ƙarin jini kuma sai an gwada an ga jinin ya yi ƙasa. A duba maleriya da ciwon fitsari da maƙoƙo, a tambaye ta sau nawa take tashi fitsari da dare, da ko damuwa na cin ta, duk waɗannan suna hawa kan gajiyar su ninka ta. Akwai ƙwayoyi irin amantadine da modafinil da likitocin jijiya kan gwada, sai dai gaskiya ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma ba na kemis ba ne. Ku tuntuɓi asibitin Barau Dikko ko ku hau mota zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya.

Ga mai kula da na'ura can yana nuna min agogo. Baiwar Allah daga Tudun Wada da ta tambayi hukuncin azumi ga mai MS, ki yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zo da malami da likita su zauna tare.