Man kanumfari da kirfa a gaban ƙwayoyin ciwon mafitsara masu gagarar magani

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi ciwon mafitsara, wanda mata da yawa ke haɗawa da wasu cututtuka su kira shi ciwon sanyi. Galibi ƙwayar E. coli ce ke haddasa shi, kuma a yanzu takan gagari magungunan da a da ake sha na 'yan kwanaki a warke, irin su Septrin da ciprofloxacin. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Wannan ya sa masana suka waiwayi man da ake tatsowa daga tsirrai masu ƙamshi. Kanumfarin da ake jefawa a zoɓo yana ɗauke da sinadarin eugenol, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi, kirfa kuwa tana da cinnamaldehyde. A ɗakin gwaji, idan aka ɗiga irin wannan mai a 'yar takarda aka ɗora ta kan farantin da aka shuka ƙwayoyin, washegari sai a tarar da fili fayau kewaye da takardar, domin sinadarin yana lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar har abin da ke cikinta ya tsiyaye. An kuma ga yana hana su yin yauƙin nan da suke fakewa a ciki a jikin robar fitsarin da ake sa wa majinyata.

To amma faranti daban, jikin ɗan Adam daban. Wanda ya haɗiyi man, hantarsa ce za ta fara sarrafa shi, kafin ya isa mafitsara akasarinsa ya sauya kama, kuma an samu ƙananan yara da hantarsu ta taɓu bayan sun sha man kanumfari zalla. A ganinmu, inda binciken ya fi alamar haske shi ne shafa sinadaran a jikin robar fitsari, ko haɗa su da magungunan asibiti don ƙara musu kaifi, kuma ko wannan ɗin bai wuce matakin gwaji ba.

Saboda haka mai lasifikar da ke tallar kwalbar maganin gargajiya a bakin tasha ya riga masana yanke hukunci. Matar da ke jin zafi wajen fitsari, musamman mai juna biyu, gwajin fitsari take buƙata, irin wanda ake shuka ƙwayar a ga maganin da ke kashe ta, kuma sakamakonsa kan fito cikin kwana biyu zuwa uku.