Ƙafar Inna da allurar hana jini daskarewa

Salamu alaikum jama'a. Yau kwanana tara da barin Katsina, ga ni a Damagaram, unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarki. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a tsakar gida nake.

Mahaifiyar mai masaukina ba ta daɗe da dawowa daga likita ba, haka suke kiran asibiti a nan. Jini ne ya daskare mata a jijiyar ƙafa, ƙafar ta kumbura suntum, ga raɗaɗi. Ana yi mata allurar Lovenox a fatar ciki, wadda dangin hefarin ce, maganin hana jini daskarewa. Jiya take ce mini: "Ɗana, kai da ka karanci magani, me ya haɗa gudan jini da kumburi?"

Na ce Inna, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sinadarin da ke ɗaure jini, tirombin, shi ne kuma yake taɓa bangon jijiya ya sa ta kira fararen ƙwayoyin jini, sojojin garkuwar jiki. Suna isowa sai su manne a bangon, wasunsu su baza wani abu kamar raga don kama ƙwayoyin cuta, ragar kuma ta ƙara tara jini. Hefarin, da aka gano tun 1916 a Amurka, tana daƙile tirombin, tana kuma toshe wasu maƙalan da sojojin ke riƙewa. Abin da ya fi burge ni, jikinmu da kansa yana ajiye irinta a cikin wasu ƙwayoyin garkuwa.

Amma fa ba maganin kumburi ba ce, kada wani ya ji ni ya je nema. Wani lokaci ma garkuwar jiki kan juyo ta yaƙe ta, galibi tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara allurar, ƙwayoyin tsayar da jini su ragu, sabon guda ya fito. Shi ya sa likita ke cewa a koma gwajin jini.

Abin da ya tayar mini da hankali, ɗazu jikarta ta sayo mata diklofenak wurin mai tallar magani, wai don ciwon ƙafar. Haɗa shi da wannan allura na iya jawo zubar jini a ciki. Na durƙusa na roƙi Inna ta ba ni, ga shi nan a hannuna. Gobe da sassafe za mu tafi da shi mu nuna wa likitanta.