Me ya sa Willy Brandt ya nemi majalisa ta kayar da shi?

Tun da Olaf Scholz, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya faɗi ƙuri'ar amincewa a majalisar dokokin Jamus ranar 16 ga Disamba 2024, tambaya ɗaya kuke ta aiko mana. Ta yaya shugaban gwamnati zai kira ƙuri'a da kansa, alhali ya san faɗuwa zai yi? Wasu ma sun rubuta cewa tsige shi aka yi. A'a, ba a tsige shi ba. Hanya ce ya bi, kuma wanda ya fara share ta shi ne Willy Brandt, tsohon shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma.

Sunansa na yanka Herbert Frahm, haifaffen Lübeck a 1913. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar kanti ce, bai taɓa saduwa da mahaifinsa ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933 ya tsere Norway, ya ɗauki sunan Willy Brandt don ɓad da sawu, daga baya ya ƙetara Sweden. Bayan yaƙi ya dawo gida. Ga shi nan yana magajin garin Berlin ta Yamma lokacin da aka gina katangar da ta raba birnin biyu a 1961. Ga shi a 1969, shugaban gwamnati, na farko daga jam'iyyar SPD ta 'yan gurguzun dimokuraɗiyya tun 1930.

Akwai wani hotonsa da aka ɗauka a Warsaw, babban birnin Poland, ranar 7 ga Disamba 1970. Ya je ajiye furanni a wurin tunawa da Yahudawan da suka yi bore a unguwar da 'yan Nazi suka killace su, sai kawai ya durƙusa. Mutumin da ya gudu saboda Hitler, shi ne ya sa gwiwa a ƙasa a madadin al'ummarsa. Ni dai duk kallon da zan yi wa hoton nan sai tsigar jikina ta tashi.

A ranar ya sa hannu kan yarjejeniyar da ta amince da iyakar Poland ta yamma, wato Jamus ta haƙura da yankunan da ta rasa bayan yaƙi. Duniya ta yaba, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1971. A gida kuwa wasu na cewa ya sayar da ƙasar kakanninsu. 'Yan majalisar ƙawancensa na SPD da ƙaramar jam'iyyar FDP suka soma sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da kujeru 254 cikin 496, sai ga rinjayen yana zagwanyewa.

To, a nan nake so ku ba ni aron hankalinku, don ƙuri'a iri biyu ce ake cakuɗawa.

Ta farko ita ce ƙuri'ar yanke ƙauna, ta 'yan adawa, sashe na 67 na kundin tsarin mulki. Masu kallonmu na Nijar za su tuna 2007, lokacin da majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadou, sannan Shugaba Tandja ya naɗa wani firaminista. A Jamus ba haka ba ne. Ba ku isa ku sauke shugaban gwamnati ba sai kun zaɓi wanda zai gaje shi a cikin ƙuri'ar nan guda. Dalili kuwa, a zamanin Jamhuriyar Weimar, wato Jamus kafin Hitler, an ga yadda abokan gaba ke haɗa kai su hana gwamnati sakat, amma su kasa kafa wata. Rusau da sauƙi, gini ne aiki.

Ranar 27 ga Afrilu 1972, Rainer Barzel, jagoran jam'iyyar adawa ta CDU, ya gwada sa'arsa. Ƙuri'a 249 yake buƙata, kuma a lissafinsa sun cika. A zauren, mafi yawan 'yan SPD sun ƙi tashi daga kujerunsu, don duk wanda ya miƙe zuwa akwati a gan shi. Aka ƙirga, 247. Barzel sai girgiza kai yake yi. Bayan shekaru, Markus Wolf, shugaban leƙen asirin ƙetare na Jamus ta Gabas, ya bayyana cewa sun biya wani ɗan majalisar CDU, Julius Steiner, mark 50,000, kuɗin Jamus na lokacin, don kada ya zaɓi Barzel.

Brandt ya tsira, amma washegari da aka zo kan kasafin kuɗin ofishinsa sai aka yi kunnen doki, 247 da 247. Ba a iya sauke shi ba, shi ma ba ya iya zartar da doka. Mafita ita ce a koma ga jama'a. Sai dai majalisar dokokin, wato Bundestag, ba ta da ikon rusa kanta, shi ma shugaban gwamnati ba shi da ikon kiran zaɓe. In ya yi murabus kuma, majalisar nan dai ce za ta zauna neman sabon shugaba, wato ya buɗe wa Barzel ƙofa.

Saura ƙofa ɗaya, sashe na 68, wato iri na biyu, ƙuri'ar amincewa. Wannan shugaban gwamnati ne da kansa yake tambayar majalisa: kuna tare da ni? Idan bai samu rinjaye ba, yana nan a kan kujerarsa, amma ya samu damar neman shugaban ƙasa ya rusa majalisa cikin kwana 21. Kun ga ke nan, in zaɓe kake so, dole ka faɗi. In ka ci, ka ci gaba da zama cikin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Ranar 22 ga Satumba 1972 ministocinsa suka ƙaurace wa ƙuri'ar da gangan. Aka tashi 233 na goyon baya, 248 na adawa. Shugaban ƙasa Gustav Heinemann ya rusa majalisa. Akwai masu ganin wasa ne da doka, amma a ra'ayina Brandt bai yi ƙarya ba, don rinjayen ya riga ya kuɓuce masa da gaske.

Zaɓen 19 ga Nuwamba, fiye da kashi 91 cikin 100 na masu zaɓe suka fito. SPD ta samu kashi 45.8, sakamakon da ba ta taɓa samu ba, ba ta kuma sake samu ba. Wannan hanyar Helmut Kohl ya bi a 1982, Gerhard Schröder a 2005, sai Scholz, wanda shi zaɓen bai yi masa kyau ba.

Ba a kai shekara biyu da zaɓen 1972 ba mulkin Brandt ya ƙare. Sanadin kuwa shi ne Günter Guillaume, hadiminsa na kusa. Ashe ɗan leƙen asirin Jamus ta Gabas ne. An kama shi a Afrilu 1974, Brandt ya ɗauki alhaki ya sauka a watan Mayu, Helmut Schmidt ya gaje shi. Brandt ya ci gaba da jan ragamar SPD har 1987, ya kuma shugabanci kwamitin da ya fitar da rahoto a 1980 kan giɓin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Ga shi nan a Berlin ranar 10 ga Nuwamba 1989, kwana ɗaya da buɗe katangar da aka gina a gaban idonsa. Ya rasu ranar 8 ga Oktoba 1992, a garin Unkel da ke bakin kogin Rhine.