Mauritz Stiller da dariyar da ba ta buƙatar magana

Jama'a, assalamu alaikum, sannunku da zuwa.

Duk wanda aka ce masa fim ɗin ƙasar Suwidin, abin da ke faɗo masa a rai shi ne sanyi da baƙin ciki. To yau kan mai ba da dariya za mu tsaya, daraktan fim Mauritz Stiller, wanda aka haifa a Helsinki ta ƙasar Finland a 1883. Ya yi aikinsa a Stockholm, babban birnin Suwidin, lokacin da fim bai fara magana ba, sai hoto da ɗan rubutu a tsakani.

A 1917 ya fitar da Thomas Graals bästa film, labarin marubucin fim da ya kamu da son sakatariyarsa. Ita kuwa 'yar masu hali ce, amma ta ce masa daga gidan talauci ta fito. Victor Sjöström, wanda shi ma babban darakta ne, shi ya fito a marubucin, Karin Molander kuma ta fito a budurwar.

Amma ni wanda ya fi kama ni shi ne Erotikon na 1920. Ku dubi wannan. Farfesa ne masanin ƙwari, yana tsaye gaban ɗalibai yana bayanin yadda buzuzu ke zaman aure, wani da mace ɗaya, wani da fiye. Matarsa kuwa zuciyarta na wajen wani, shi bai sani ba. A gida ga wata yarinya 'yar uwarsa tana dafa masa abincin da yake so, ko ita bai lura ba. Ba wanda ya zame ya faɗi, ba wanda aka bi da gudu. Mai kallo ya san abin da farfesa bai sani ba, dariyar daga nan take fitowa. Wallahi wannan girmama mai kallo ne, kuma aiki ne mai wuya.

Masana da dama na ganin wannan salo ya yi tasiri a kan daraktan fim Bajamushe Ernst Lubitsch, ana kuma jin ƙamshinsa a fim ɗin barkwancin da daraktan Suwidin Ingmar Bergman ya yi a 1955.

Stiller ya tafi Hollywood a 1925 tare da 'yar wasan fim Greta Garbo. Ita ta ɗaukaka, shi abin bai karɓe shi ba. Ya dawo Stockholm, ya rasu a 1928 yana da shekara 45. Yawancin finafinansa na farko sun ɓace, kuma gobarar da ta cinye ma'ajiyar kamfanin Svensk Filmindustri a 1941 na cikin dalilan.